Kawaicin da Ya Ci Gonar Aina'u

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan taro, ranka ya daɗe Dagaci, uban wannan gari, Allah ya gafarta Malam Liman da na'ibinsa, masu unguwanni na gabas da na yamma, wakilin ƙaramar hukuma da ya taso tun daga sakatariya a cikin wannan zafin rana, malamin gona, shugabannin ƙungiyar manomanmu, iyayenmu mata da ke zaune can a barandar aji, dattawa, magidanta, da samarin da suka tsaya a baya domin tabarmi ba su isa ba: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wata bazarar muna raye. Ina godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba ni wannan dama, alhali sun san ni ba malami ba ne, ba lauya ba ne, ba kuma ma'aikacin gwamnati ba. Ga wanda bai san ni ba cikin baƙinmu, sunana Uzairu, awon hatsi nake yi a kasuwar Minjibir, kuma ina noma 'yar gonata kamar kowa. An tara ku yau domin rabon taki, na sani, kuma tun ɗazu nake ganin idanun wasu a kan buhunan can. Ku yi haƙuri da ni, takin ba zai gudu ba. An ce in yi magana a kan yadda talaka irina zai san dokar da ta hau kansa, kuma dalili ɗaya ya sa na karɓa. A shekarar nan na koyi wannan darasi, na koye shi da tsada, amma ba ni na biya ba. Yayata Aina'u ce ta biya, kuma da gonar marayunta ta biya.

Yawancinku kun san marigayi Malam Yahya tela, mijin Yaya Aina'u, Allah ya jiƙansa. Kun kuma san amininsa marigayi Ɗanliti, shi ma Allah ya yi masa rahama. Danga ɗaya ta raba gidajensu, ci ɗaya suke yi a ƙofar gida, idan ka ga ɗaya a hanyar masallaci to waiwaya, ɗayan yana tafe. Shekara ashirin da wani abu ke nan aka raba gadon gidan su Ɗanliti. Magada da yawa, gona kaɗan, abin da ya faɗo masa ko kaza ka saka a ciki za ta ga ƙarshensa. Yahya kuwa yana da gona biyu: ƙarama ta bayan gida, da babba ta bakin burtali wadda ya gada daga mahaifinsa. Keken ɗinkinsa yana kawo masa abin cefane, ƙarfinsa bai kai ga gona biyu ba. Sai ya kira amininsa ya ce, "Ɗanliti, je ka noma ta bakin burtali. Aro na ba ka, har ranar da Allah zai sa in buƙace ta."

Jama'a, kun san al'adarmu ta aro. Wanda aka ara wa gona, idan kaka ta yi, yakan ɗauko dami ɗaya ya kai ƙofar gidan mai gona. Ba haya ba ce, ba zakka ba ce. Dami ɗaya me zai yi wa gida? Ɗanliti ya kawo a shekarar farko, ya kawo a ta biyu, ya ci gaba da kawowa. Sai wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya yi ƙamfa. Yahya ya hango shi tafe da damin a ka, alhali ya san rumbunsa ko rabi bai yi ba. Abin ya dame shi, ya tare shi a hanya ya ce, "Haba Ɗanliti, ni da kai har da wannan? Mayar wa yara su ci. Don girman Allah kada ka ƙara kawowa, kunya kake ba ni." Ɗanliti ya juya da daminsa yana sa masa albarka. Tun daga ranar ba a sake ganin dami ya ƙetare dangar nan ba.

Ina tambayar ku, waye a cikinmu zai ce Yahya ya yi laifi? Waye zai ce bai kyauta ba? Da a gabana aka yi, ni ma albarka zan sa masa.

Shekaru suka yi ta tafiya. Ɗanliti ya zuba wa gonar taki, ya dasa mangwaro, ya haƙa 'yar rijiya a gindin kukar da ke cikinta. Allah ya karɓi ransa, Yahya bai ce uffan ba. Yayata ta taɓa tuna masa a cikin ɗaki, ya ce, "Yanzu da yaran suke cikin maraici zan je in ce su ba ni gona? A bari su ƙara ƙarfi." Kafin su ƙara ƙarfin, shi ma ciwo ya kwantar da shi, bara waccan muka kai shi makwancinsa. Keken ɗinki ya tsaya. Aka bar Yaya Aina'u da yara huɗu a gabanta, da 'yar gonar bayan gida wadda abin da take bayarwa ba ya kai su ko tsakiyar rani. Da ta fita takaba, ta daure, ta sake daurewa, sai da tukunya ta fara kwana ba a ɗora ta ba sannan ta kira ni ta ce, "Uzairu, je ka wurin Iliyasu ka gaya masa da lalama, ranar da baban yarana ya ambata ta zo."

Iliyasu shi ne babban ɗan Ɗanliti. Yana cikin taron nan, na gan shi, kuma ina roƙon kada kowa ya juya ya dube shi. Na je na same shi a gonar, na isar da saƙo. Ya ajiye fartanya ya dube ni, ya ce, "Kawu, wane aro? Ni a gonar nan na buɗe ido, a nan na koyi noma, a nan Baba ya nuna mini iyaka. Bai taɓa ce mini ta wani ba ce." Ku shaida a gaban Dagaci da Liman, ni ban yarda Iliyasu ƙarya ya yi ba. Yana goye aka ba da aron nan, bai yi wayo ba aka daina kai dami. Me ya gani? Me aka gaya masa? Shi ma iyali gare shi, shi ma ƙannensa a wuyansa suke. Mai unguwa ya yi ƙoƙari, Dagaci ya zaunar da mu, Allah ya saka musu da alheri, amma kowa yana ganin shi ne mai gaskiya, sulhu ya ƙi. Daga nan magana ta tafi kotu.

Yayata ba ta taɓa taka kotu ba, ni ma haka. Ba mu tambayi kowa komai ba. Me za mu tambaya? Gona tamu ce, gari ya sani, Allah ya sani. Ta sa hijabinta na Juma'a, na sa farar rigata, muka tafi kamar masu zuwa gaisuwar suna.

Alƙali dattijo ne mai natsuwa. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya fara tambaya.

Ya ce, "Tun da aka ba Ɗanliti gonar, kuna garin ko kun yi ƙaura?"

Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, muna nan, ko kwana ɗaya ba mu yi a wani gari ba."

Ya ce, "Kun ga yana nomawa, yana dasa itatuwa, yana haƙa rijiya?"

Ta ce, "Mun gani mana. Mangwaron ma yarana sun sha."

Ya ce, "Akwai abin da ya hana ku magana? Tsoro, ko barazana, ko wani iko da yake da shi a kanku?"

Ta yi murmushi ta ce, "Tsoron wa? Ai Ɗanliti ɗan'uwa ne."

Ya ce, "Ɗan'uwa na jini?"

Ta ce, "A'a, na zaman tare."

Ya dube ta, ya ce, "To Aina'u, ki yi tunani da kyau. A duk tsawon shekarun nan, ke ko mijinki, kun taɓa yi masa maganar gonar a gaban mutane?"

Jama'a, ina zaune a bayanta na ga ta gyara tsayuwa, ta ɗaga kai. Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, wallahi ko sau ɗaya. Mu ba irin mutanen nan ba ne."

Ni kuwa ina can baya ina gyaɗa kai, zuciyata fari ƙal, ina cewa yau alƙali ya ga gidan mutunci. Ashe kowace tambaya ƙofa ce dattijon nan yake buɗe mata, ita kuwa tana rufewa da hannunta, domin ta ɗauka tarbiyyarta ake aunawa. Maganar dami kuwa ko kusa ba ta kawo ta ba. Da na tambaye ta daga baya, cewa ta yi, "In tsaya a gaban mutane in ce Ɗanliti yana kawo mana dami muna mayar masa? Ai gori ke nan, kuma ga mamaci."

Aka nemi shaidun aro. Waɗanda aka yi maganar a gabansu ƙasa ta rufe su, waɗanda suka rage ba wanda ya zo. Aka ba Iliyasu rantsuwa, ya rantse a kan abin da ya sani. Alƙali ya yanke hukunci, gona ta tabbata a hannunsa. A ranar na fara jin wata kalma, ni da furfura a gemu, ni da nake sallah a sahun gaba: hauzi. A cikin mota muna dawowa yayata ba ta yi kuka ba. Sai da muka kusa gari ta juyo ta ce, "Uzairu, me na faɗa ba daidai ba? Ai gaskiya na faɗa." Wallahi har yau idan na tuna tambayar nan abinci fita yake daga raina.

Ban zo nan don in zargi alƙali ba, da abin da aka kawo gabansa ya yi hukunci. Na zo ne in gaya muku abin da na gano bayan na yi ta yawon tambaya, yawon da ya kamata in yi tun kafin mu shiga. Hauzi, kamar yadda malamai suka bayyana mini, hukunci ne da ke cikin littattafan fiƙihunmu, kuma kotunan shari'a suna aiki da shi. Idan mutum ya riƙe gona ko gida yana yin yadda ya so da shi kamar nasa, har kimanin shekara goma, kai kuma mai cewa naka ne kana gari, kana gani, ba abin da ya hana ka magana, amma ka yi shiru, to shirunka yana iya zama hujja a kanka. Tsakanin dangi na jini wa'adin ya fi haka tsawo. Aro kuwa, da jingina, da haya, hauzi ba ya cinye su, amma fa sai ka tabbatar aron ne. Ku duba hikimar kakanninmu. Damin nan da muka ɗauka godiya ce kawai, ashe shi ne yake faɗa wa gari duk kaka, ba tare da kowa ya buɗe baki ya ji kunya ba, cewa gonar nan tana da mai ita. Ranar da Yahya ya mayar da shi saboda tausayi, ranar ya sallami mai shaidarsa.

Wannan hukunci ba daga Abuja ya zo ba, ba da Turanci aka rubuta shi ba, balle mu ce ɓoye mana aka yi. Yana nan a cikin littattafan da ke zaurukan malamanmu, muna wuce su safe da yamma. To idan wanda yake kusa da mu haka ba mu san shi ba, ina ga na nesa? Shi ya sa nake so in bar muku wasu abubuwa, ku riƙe su.

Abu na farko, mu daina cewa "doka" kamar aba ɗaya ce. Mutum ɗaya, a gona ɗaya, dokoki da yawa ne suke kansa. Akwai ta tarayya, akwai ta jiha, akwai ta ƙaramar hukuma, akwai shari'ar Musulunci, akwai kuma al'adar gari. Maganar gado da aure da aro tsakaninmu tana da gidanta. Maganar burtali da sare itace da rumfar kasuwa tana da nata. Idan gwamnati ta buƙaci gonarka don hanya ko makaranta, wannan ma wata doka ce dabam, da nata ƙa'idojin na diyya. Saboda haka tambayar farko ba "ina da gaskiya?" ba ce. Kowa yana da gaskiya a ƙofar gidansa. Mu ma da gaskiyarmu muka tafi, da ita muka dawo. Tambayar farko ita ce: wannan al'amari nawa, a ƙarƙashin wace doka yake, kuma wa yake da ikon yanke shi?

Abu na biyu, ina za a tambaya? Ku fara da gida. Allah ya gafarta Malam Liman, da ladabi nake roƙo. Mun ji babin alwala har yaranmu sun haddace, mun ji babin azumi, Allah ya saka da alheri. Muna roƙon a karatun bayan magariba a buɗe mana babin ciniki, da na aro, da na jingina, da na shaida, da na hauzi, a fassara mana da Hausar da manomi zai gane, a kuma ɗaga lasifika yadda matan da ke cikin gida za su ji, domin su ake bari da marayu.

Bayan gida, sai kotun kanta. Ni da na ɗauka kotu wuri ne da mutumin kirki ba ya zuwa sai an ja shi. Ashe ƙofarta a buɗe take, kana iya shiga ka zauna a benci ka saurari shari'ar wasu, ba mai ce maka don me. Na yi haka sau da dama a shekarar nan, na rufe awo na je na zauna, kuma abin da na ji a bencin nan ya fi abin da na ji a majalisar ƙofar gida tun ina yaro. Za ka ji irin tambayar da ake yi, ka ji abin da ake nufi da ita, ka ga yadda magana ɗaya take ɗaga mutum ko ta kayar da shi. Muna kashe yini guda a kallon dambe, ba za mu iya ba da safiya ɗaya ga wannan ba?

Akwai kuma ofishin gwamnati a Kano mai taimaka wa marasa ƙarfi da lauya kyauta, akwai ƙungiyoyin lauyoyi masu irin wannan aiki, har da na mata. Ku tambaya a ofishin rajistar kotu, za a kwatanta muku. Akwai shirye-shiryen rediyo da ake kawo lauyoyi da malamai, a buɗe waya kowa ya kira. Muna kira mu gai da abokai har da kishiyoyin abokai, to mu kira mu yi tambaya mana. Ku kuma samari masu manyan wayoyi, na san kuna iya binciko doka a cikinsu, kuma ina yaba muku. Amma ku lura da abu biyu kafin ku zo ku rikita iyayenku: dokar da kuka gani, ta jiharmu ce ko ta wata jiha, ko ma ta wata ƙasa? Kuma tana aiki har yanzu ko an canza ta? Wani ya karanto mini wata doguwar magana a waya, na yi murna har na saya masa shayi, daga baya ta bayyana ta wata ƙasa ce can ƙetaren teku.

Abu na uku, kada ka tsaya a baki ɗaya. Abin da ka ji a wurin malami, kai shi wurin lauya. Abin da ka ji a rediyo, kai shi ofishin kotu. Har abin da nake gaya muku yanzu, kada ku ɗauke shi ku tafi da shi haka nan, ni mai awo ne, ku je ku sake auna shi a wurin masana. Ku kuma yi hattara da masu tsayuwa a bakin kotu suna cewa sun san alƙali, sun san hanya. Wanda ya san doka zai gaya maka sunanta da inda take, ba zai ja ka bayan gini yana raɗa ba.

Abu na huɗu shi ne lokaci, kuma shi ya fi yi mini ciwo. A tambaya kafin a ba da aro, ba bayan an hana ba. A tambaya kafin a shiga kotu, ba a cikin motar dawowa ba. Idan an yi maka hukunci ba ka gamsu ba, ɗaukaka ƙara tana da wa'adi, ba ta jiran ka gama girbi. Idan kana tsaye a gaban alƙali aka yi maka tambayar da ba ka gane inda ta dosa ba, ba rashin kunya ba ne ka ce, "Allah ya gafarta Malam, a yi mini bayani." Ban ce kowa ya yi ƙarya ba, Allah ya tsare mu. Da yayata ta san ma'anar tambayoyin nan, gaskiyar dai za ta faɗa, amma za ta faɗe ta duka, har da damin, kuma ba za ta je ita kaɗai da ƙaninta ba.

Yanzu ku da kuke zaune a nan, nawa ne a cikinku gonarsa take hannun wani? Nawa ne yake noma ta wani? Kada ku ɗaga hannu, na san ku, kun san kanku. Ba cewa na yi ku je ku karɓe ba. Ku bar wa bayin Allah su ci, lada ne. Amma idan an kawo dami, ku karɓa a gaban mutane, in ya so da yamma ku aika masa da biyu. Ku kira 'ya'yanku da 'ya'yansa ku faɗa a gabansu, a rubuta a sa hannu a wurin mai unguwa. Kunyar yini ɗaya ce. Mun ɗauki kawaici ado, kuma ado ne, ni ma da shi aka raine ni, da shi nake so a raini 'ya'yana. Sai dai a maganar gona, wanda ya yi kawaicin yakan riga mu gidan gaskiya da mutuncinsa, marayunsa su kwana da yunwa.

Ranka ya daɗe, jama'a, saura magana ɗaya, kuma ita ce ta fi yi mini nauyi a baki. Wata lauya a Kano, Allah ya yi mata albarka, ta taimaka mana mun ɗaukaka ƙara kafin wa'adi ya cika. Ba ta yi mana alkawarin komai ba. Cewa ta yi ƙofa ba ta rufe gaba ɗaya ba. Idan aka samu wanda ya san aron nan da idonsa ko da kunnensa, za ta roƙi kotun sama ta yarda a saurare shi. Idan ba a samu ba, ta ce kada mu wahalar da kanmu da kuɗin mota.

Akwai su, kuma suna zaune a tabarmin nan. Akwai wanda ya taya Ɗanliti ɗaura damin. Akwai wadda ta gan shi yana sauke shi a ƙofar gida. Akwai wanda ya ji daga bakin Ɗanliti kansa yana cewa Allah ya saka wa Yahya. Sun same ni ɗaya bayan ɗaya a rumfata, sun rage murya sun ce, "Uzairu, mun sani, amma ka san zaman tare, da wane ido za mu dubi yaron nan?" Ba zan ambaci sunan kowa ba, ba zan dubi inda kuke ba. Amma raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba, kuma ɓacin ran nan ya fi na ranar kotu. Kawaici ya ci gonar nan sau ɗaya cikin rashin sani; yanzu da kuka sani, za ku bari ya sake cin ta? Malam Liman yana nan, ku tambaye shi hukuncin wanda ya san shaida ya ɓoye.

Iliyasu, ɗana, da kai nake. Shaidar nan ba yaƙi ba ce da kai. Ka rantse a kan abin da ka sani, ba ka da laifi a wurin Allah. Amma na san gidan da ka fito, na san ba za ka so ka ci gaba da ci daga abin da mahaifinka ya san aro ne ba, shi kuma yana kwance a kabari yana jiran a sauke masa nauyin. Idan dattawa suka faɗi abin da suka gani, ƙila ma ba sai an koma kotu ba. A zauna a gaban Dagaci, a nemi yadda gidaje biyu za su ci, kamar yadda iyayenku suka ci a kwano ɗaya.

Jama'a, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, kowa ya gama sharar gona, wasu har sun yi binne. Da safen nan da zan fito na biya ta gidan yayata in gaishe ta. Na same ta zaune a tsakar gida, ta sauko da zangarniyar geron da ta rataye a ɗaki tun bara, irin da Yahya yake zaɓa da hannunsa, wanda ta ware domin gonar bakin burtali. Hatsin gidan ya ƙare. Turmi yana gefenta, yara suna zaune suna kallonta. Ta ce da ni, "Uzairu, tunda wurin mutane za ka, tambayo mini. Irin nan, in ajiye ko in daka?"

 Daga nan wurinta zan koma, kuma abin da na samu a wurinku shi zan kai mata.

Allah ya jiƙan Yahya, Allah ya jiƙan Ɗanliti, ya haɗa su a gidan rahama kamar yadda ya haɗa su a nan. Allah ya dubi marayun gidajen nan biyu. Allah ya sanar da mu abin da yake kanmu tun kafin ya faɗo mana, ya ba mu ƙarfin halin tambaya, ya ba mu ƙarfin halin faɗar abin da muka sani. Allah ya ƙara wa Dagaci lafiya da adalci, ya ƙara wa malamanmu haske, ya ba mu damina mai albarka, ya sa kowa ya shuka a gonarsa ta halal, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.